Tsarabar Duna

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Asabar da na dawo daga Katsina da farin bokiti ɗaure a bayan babur, ina tafe ina yaba wa kaina wayo. Har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi, sannan dariya ta biyo baya.

Bari in fara da Duna. Duna karena ne, baƙi wuluk, shi ke gadin 'yan shanuna da tumaki a gidanmu na Yasore. Ni malamin firamare ne a Batsari, da sassafe nake fita, to shi ne idona a garke. Tun da na same shi ko ɗan akuya bai taɓa ɓata mini ba. Ina son karen nan, ba na ɓoyewa (a lokacin dai ina ɓoyewa, yanzu ne na daina).

Sai ƙaiƙayi ya kama shi. Ya yi susa da ƙafa, ya yi da haƙori, ya goga jiki da katanga har katangar ta yi santsi. Gashi ya dinga zubewa, kunnuwa suka yi ja, kare mai kwarjini ya koma kamar tsohuwar tabarma. Gadin ma ya gagare shi, ko baƙo ne ya shigo sai ya yi haushi ɗaya ya zauna ya ci gaba da susa. Nan take kowa a unguwa ya zama likita. Aka ce ruwan ganyen darbejiya, na yi masa wanka da shi. Aka ce toka, na barbaɗa. Wani ya ce baƙin mai, Allah ya taimake ni ban bi wannan ba. Daga ƙarshe maƙwabcina ya ce in kai shi daji in bar shi can, in nemi ɗan kwikwiyo. Wannan magana ta ɓata mini rai ƙwarai.

Ranar da likitan dabbobi ya zo yi wa shanu allura, na roƙe shi ya duba Duna. Ya bankaɗa gashin, ya leƙa kunnuwa, ya ce ba ƙuma, ba kaska, kuma ba ƙazuwa ba ce.

"Me yake ci?" ya tambaye ni.

Na ce abin da kowane kare ke ci: sauran tuwon masara, ƙanzo, kayan cikin kaza in an yi yanka.

"To a cikinsu akwai wanda jikinsa ba ya karɓa."

Na fashe da dariya. Karen da na taɓa kamawa yana tauna tsohon silifas, yau shi ne mai zaɓen abinci? Likita bai taya ni dariyar ba. Ya ce a yanke masa komai, a sa shi kan abinci iri ɗaya, busasshen nan na karnuka da ake sayarwa a buhu a birni. "Kuma kada ka tsaya kallon gaban buhu, Malam. Juya bayansa ka karanta. Ba kaza, ba nama, ba masara, ba alkama. Na kifi za ka nema."

Haka na je shagon a Katsina na maƙala gilashi ina juya buhuna kamar mai duba takardun jarrabawa. Wannan da kaza, na ajiye. Wancan an rubuta kifi da manyan baƙaƙe a gaba, a baya ga garin kaza ya laɓe a tsakiya, na ajiye ina hararar mai shago. Da ƙyar na samu na gaskiya: kifi, shinkafa, dankali, man kifi, shi ke nan. (Kada ku tambaye ni kuɗinsa, matata ma har yau ba ta sani ba.)

Matsalar ita ce buhun. Hoton wani ƙaton kare ne a jikinsa, ya zaro harshe yana dariya. Na hango kaina ina ratsa tashar Batsari da shi a bayan babur, 'yan zaman hira na nuna ni: ga Malam can, ya je har birni ya yo wa kare cefane. Sai na sayi farin bokiti mai murfi, irin wanda mata ke zuba cincin na biki, na juye abincin a ciki. Buhun kuwa na ninke na tura aljihu, don a jikinsa aka rubuta yawan da za a riƙa ba shi. Na ce da kaina, kai dai akwai basira.

A ƙofar gida Duna ya tarye ni yana kaɗa wutsiya yana susa. Na waiga ba kowa, na buɗe bokitin na watsa masa cikin hannu ɗaya, ya lashe tas. Ina shiga zaure sai ga takalman da na sani. Surukina ne, Baba Alhaji, ya zo daga Tsaskiya ganin jikokinsa. Na zube ƙasa na kwashi gaisuwa, ya hanya, ya mutan gida, ya ruwa, ya dabbobi. Muna cikin haka matata Saude ta leƙo ta ɗauke bokitin ta shige ciki. Ban damu ba, na ce ai ajiyewa za ta yi. Na nemi izini na tafi yin la'asar da ta kuɓuce mini a hanya.

Abin da basirata ta manta shi ne, a wurinmu duk abin da maigida ya shigo da shi daga birni sunansa tsaraba, kuma tsaraba baƙo ake fara kai wa.

Na dawo na tarar da tire a gaban Baba, ga shayi, ga farantin tangaran ɗin da ba a fito da shi sai don manyan baƙi, cike taf. Baba ya ɗebo, ya watsa a baki, ƙurus, ƙurus.

"Malam, wanga ƙuli-ƙuli na birni ya yi," in ji shi. "Ba sukari, ba mai da yawa, ga ƙamshin kifi. Irin shi ya dace da mu tsofaffi. Matso ka sa hannu."

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhamdu lillahi, Baba." Ya yi murmushi, a zatonsa kunyar suruki ce ta hana ni ci a gabansa. Ta ina zan fara? Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun da ya ba ni 'yarsa, shi zan ce wa ya ajiye, abincin kare ne? Na yanke shawarar in yi shiru in tafi kabari da maganar.

Sai Baba ya ɗaga murya. "Saude! In da saura ɗaure mani a leda. Hajiya uwarki za ta so shi, in ɗan ɗiba ma liman."

"Bokiti guda ne, Baba, ku tafi da shi duka," ta amsa daga ciki, cike da alfahari da mijinta.

In na yi shiru, Duna ya rasa maganinsa, limamin Tsaskiya kuma ya samu. Kamar ya ji ana batunsa, sai ga Duna a bakin zaure, wurin da bai taɓa tsayawa ba. Ya zauna ya kafe farantin da ido. Hannun Baba ya tashi, kan Duna ya tashi. Hannu ya sauka, kai ya sauka. Har da ɗan kukan shagwaɓa.

"Ikon Allah," in ji Baba. "Har kare ya san abu mai daɗi."

Na ji bakina ya buɗe da kansa. "Baba, ku gafarce ni. Ai... nasa ne."

"Na wa?"

"Na Duna."

Taunar ta tsaya. Daga bayan ƙofa na ji Saude ta saki salati, ashe ita ma ta ɗanɗana, har ta ware wani ta barbaɗa masa yaji. Baba ya kurɓi shayi ya haɗiye abin da ke bakinsa a hankali. Fuskarsa ba wasa.

"Mi aka sa ciki? Faɗa mani gaskiya. Da naman da ba a yanka ba?"

Na zaro buhun daga aljihu na warware, ƙaton karen nan ya bayyana yana yi wa surukina dariya. Na juya baya na karanta kamar ɗan aji ɗaya: kifi, shinkafa, dankali, man kifi. Na ce saboda ƙaiƙayin ne likita ya hana duk mai nama a ciki. Ban taɓa gode wa Allah a kan ciwon kare ba sai ranar.

Baba ya dubi buhu, ya dubi Duna, ya dube ni. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ya yi ta dariya har hula ta zame.

"To ni ba cin ne ya dame ni ba," ya ce yana share hawaye. "Ni da na ba ka ɗiyata, goro kake kai mani. Kare kuwa kifi da shinkafa!" Ya tura wa Duna sauran da ƙafa, ya ce, "Amshi abinka, an ci maka haƙƙi."

Duna ya warke sarai, gashi ya fito yana sheƙi, susa ta zama tarihi. Labarin kuwa kafin sati ya zagayo ya kai Safana ya dawo Batsari, domin Baba da kansa ya ba da shi a ƙofar masallaci. Har yau in ya kira waya, kafin ya tambayi jikoki sai ya ce, "Ya abokin cin nawa?"

Darasin da na koya shi ne, kunyar 'yan tasha da na guje wa ta minti biyu ce, wadda na sayo da farin bokiti kuwa har jikokina sai sun ji ta. Yanzu buhun nake ɗaurewa a bayan babur, hoton karen na kallon jama'a, kowa ya yi dariyarsa. A samansa kuma akwai ƙullin busasshen kifi, na gaske, na Baba.