Ranar da Na Share wa Kawu Imel

Kawuna, mai ɗinkin manyan riguna a Limancin Kona, ya buɗe imel da sunan shagonsa, amma wayarsa ta ƙi saita kanta. Na karɓe ta a zaure, gaban maɗinkansa, na ce, "Kawu, matsalar DNS ce kawai, layukan da ke nuna wa waya inda saƙo yake. Ai aikin yara ne."

Na buɗe kwamfuta, na ƙara layin da babu, waya ta saitu. Da nan na tsaya, da yau ni gwani ne. Sai na hango wani layi mai suna MX. Tunda ban san shi ba, na yanke masa hukuncin tarkace, na goge.

Bayan kwana biyu wani ango ya bugo daga Abuja yana faɗa, wai imel ɗin da yake aiko wa Kawu na awon rigunan bikinsa sai dawo masa yake yi. Ashe ƙofar shigowar saƙo na toshe.

Kawu ya dube ni ya ce, "Sannu da shara."

Na mayar da layin nan take. Amma har yau in na shiga zauren sai wani ya ce, "Ku ɓoye allurai, ga Injiniya Mai Tsintsiya nan!"