Nomau da Dakalin Hurera

A ƙauyen Rafin Kanya an yi wani dattijo ana ce masa Nomau. Ba ya faɗa, ba ya ƙarya, ba ya cin abin kowa. Aibinsa ɗaya ne: maganar da ka gaya masa, yadda ta fito daga bakinka haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya jira ka a gindin tsamiya ka manta, can za ka same shi gobe. An daɗe ba a cika ganin wannan aibi ba, don matarsa Hurera ta san yadda ake ba shi saƙo. Takan faɗi farkonsa, ta faɗi ƙarshensa, ta kuma faɗi inda zai tsaya. 'Yarsu ɗaya, Balaraba, tana aure a Kaduna, tana aikin jinya. 'Yar fari ce, saboda haka Nomau bai taɓa kama sunanta ba, "Yarinya" yake ce mata har yanzu da ta tara nata 'ya'yan. Sai yayarsa Tasalla, wadda katanga kawai ta raba gidanta da nasa, bakinta kuwa ba ya zuwa hutu.

Balaraba ce ta gina wa uwarta kicin irin na birni, da wani teburi na siminti a tsakiya, an lulluɓe shi da farin tayil. Bai jingina da bango ko ɗaya ba, kana iya zagaya shi kamar rijiya. Mutanen gari suka leƙa suka ce ai dakali ne ya ɓata hanya ya shigo ɗaki. Sunan ya bi shi, dakalin Hurera. Ba ta daɗe tana morarsa ba Allah Ya karɓi abarsa.

Bayan an watse daga zaman makoki, Balaraba ta zaunar da ubanta. "Baba, ka haɗa kayanka mu tafi Kaduna, a rufe gidan nan."

Nomau ya taɓa zuwa Kaduna. Ya san ɗakin da za a sa shi, can saman bene, ba akuya, ba gona, ba mai ce masa ina gajiya. Ya ce, "Yarinya, ki bar ni inda Innarki ta bar ni."

"Ba za ka iya riƙe gida kai kaɗai ba."

"Gwada ni."

Ta dubi teburin, ta daɗe tana dubansa. "To. In ka iya kula da teburin Inna, kowane lokaci da irin adonsa kamar yadda ake yi a gidajen mutane, na bar ka. In ka kasa, mota zan kawo."

Wata rana, da damina ta kankama, ta kira shi a waya. "Baba, gari ya yi kore. Ka sa wa teburin abu mai tsiro, ka riƙa ba shi ruwa." Nomau ya ce to. Ya ɗauki kwando da fartanya, ya yi ta jido ƙasa daga bakin rafi yana zubawa a kan farin tayil, ya gauraya da takin awaki, ya ja kunya. Gero a gefe guda, rama da kuɓewa a ɗaya gefen. Da ya ga shuka ta fito rawaya saboda rashin rana, sai ya hau sama ya ɗaye kwanon rufin da ke saitin teburin. Tasalla ta hango shi ta kan katanga.

"Nomau, gonar ce ta yi maka kaɗan?"

"Yarinya ta ce mai tsiro, Yaya."

"Ta ce ka ɗaye rufi?"

"Ba ta ce kar in ɗaye ba."

Ruwa ya zo da yamma, ya zubo daga sama ya cika kicin da taɓo. Washegari awakinsa suka ji ƙanshin ɗanyen ganye, suka yi tsalle suka hau, suka cinye gonar tas. Wajen saukowa ɗaya ta ture tulun Hurera, wanda ruwansa ya fi na kowa sanyi a unguwar. Nomau ya tsince tsingaron ɗaya bayan ɗaya a gefen rigarsa, ya rasa inda zai zubar, ya kai ɗaki ya tura ƙarƙashin gado.

Wata rana kuma, da kaka ta yi, waya ta sake ƙara. An mayar da rufi, an wanke taɓo, Balaraba ta huce. "Baba, wancan ya wuce. Yanzu ka ɗora abin da ka girbe a kai, duk wanda ya shigo ya ga albarkar bana." Bana kuwa Nomau ya samu. Bai kai ko dami ɗaya rumbu ba. Dammunan gero a ƙasa, buhunan gyaɗa a kansu, wake a kan gyaɗa, har kaya suka tokari silin. Sannan ya tuna an ce duk wanda ya shigo ya gani, ga shi ba mai shigowa. Sai ya bar ƙofa a buɗe, ya tsaya bakin hanya yana tare maza masu dawowa daga masallaci. "Malam, shigo ka ga albarka." Suka shiga, suka ce masha Allah, suka fita suna danne dariya da hannun riga. Kajin unguwa ma suka shiga, ɓeraye suka biyo baya, su kuma ba kallo kaɗai suka yi ba. Kafin sanyi ya shigo sosai rabin geron ya koma ƙaiƙayi, gefen tayil ɗin kuma ya tsage don nauyi.

Da labari ya kai Kaduna, Balaraba ta yi ajiyar zuciya a waya. "Baba, kabewa ɗaya da 'yan zangarniyoyi a faifai nake nufi."

"Da kin faɗi inda zan tsaya," in ji Nomau. "Innarki takan faɗa."



Wata rana, cikin zafin bazara, mangwaro ya cika gari. Wannan karon Balaraba ta yi niyyar faɗar komai. "Baba, kwano ɗaya. Ka cika shi da mangwaro masu kyau, ka sa a tsakiya. Na ado ne, ba na ci ba. Kada kowa ya taɓa su sai na zo ranar Juma'a." Nomau ya zaɓo jajaye, ya goge su da hularsa, ya jera. Abin ya yi kyau, har shi kansa ya ja baya ya kalla. Juma'a ta zo, Balaraba ba ta zo ba, an riƙe ta a wurin aiki. Wata Juma'ar ma haka. Mangwaro suka yi laushi, suka yi baƙi, suka fara tsiyaya. Nomau ya jawo kujera ya zauna da mafici yana korar ƙuda, tunda ƙuda ma kowa ne. Bai je kasuwa ba, bai je ɗaurin auren ɗan amininsa ba. Wari ya tsallaka katanga, Tasalla ta taho da mayafi a hanci.

"Kwashe ƙazantar nan ka kai juji."

"An ce kada kowa ya taɓa."

"To kai ka taɓa."

"Ni ba kowa ba ne, Yaya?"

Tasalla ta zagaya ta bayansa, ta sure kwanon, ta watsa ta taga. Nomau bai yi mata magana ba har kwana ya juya, ba don fushi ba, sai don yana tunanin abin da zai ce in an tambaye shi.

Wata rana, ana saura kaɗan Babbar Salla, Balaraba ta ce za ta zo da mai gidanta su yi Salla a ƙauye. "Baba, yanzu launi ɗaya ake yayi. Ka sa komai na kan teburin ya zama fari, fari kawai, ba haɗi." Nomau ya duba gidan kaf, bai ga abin da ya isa a nuna wa suruki ba sai kwanukan jeren Hurera, waɗanda ta zo da su ranar da aka kawo ta, masu jan fure da shuɗin ganye. Ya sauko da su daga kabad, ya wanke, ya jera. Kyau kam sun yi, sai dai ba fari ba ne. Ya je wajen mai fenti ya sayo gwangwani da buroshi. Yana shafawa a hankali, don ya san kowane kwano da abin da aka ci a cikinsa. A kan babbar langar da Hurera ke zuba masa tuwon Salla ya tsaya, ya ajiye buroshi, ya fita ya zagaya gida, ya dawo. An ce ba haɗi. Ya shafe ta.

Balaraba ta shigo da dariyarta, ta ga teburi fari fat. Ta matsa, ta ɗauki langar, ta kankare fentin da farce. Jan fure ya leƙo. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a ƙasa da langar a cinya, hawaye na ɗiga a kan fentin. Mijinta ya fita ya tsaya wajen mota. Nomau ya tsaya da hularsa a hannu.

"Laifina ne, Baba," ta ce. "Ni na bar ka. Bayan Salla zan dawo da mota."

Wata rana, ana gobe za ta zo, ta kira shi da murya a sanyaye. "Baba, ka bar yayin birni. Abu ɗaya nake so. Ka mayar da teburin yadda yake a hannun Inna. Duk abin da take sawa a kai, ka sa. In gan shi sau ɗaya, sannan in rufe ƙofa."

Nomau ya zauna ya yi ta tunani, don ba ya son wannan ma ya ɓaci. Me Hurera take sawa a kai? Ya rufe ido ya ga kicin ɗin da hantsi. Akwai faifan Ladingo mai ƙosai, tana tsince wake. Akwai tiren Hajjo tana yanka kuɓewa. Akwai garin ɗanwaken matar liman, da gwiwar hannunta a gefensa. A kusurwa kuma akwai Tasalla ɗungurungum, don ƙafarta ba ta son tsayuwa, Hurera takan ce ta hau ta zauna. Tun rasuwar ba wadda ta sake shiga, gidan da ba mace ba a faɗa masa haka kawai. To amma an ce duk.

Da sassafe ya bi gida-gida yana sallama daga zaure. "A ce wa Ladingo ta zo da faifanta. Yarinya ta ce a sa ta a kan teburi." Mazan suka dube shi, suka dubi juna, suka ce in Tasalla za ta je, a je. Tasalla ce ta yi gardama.

"Ni kayan ado ce da za ka jera?"

"Kina cikin abin da take sawa, Yaya. A kusurwar gabas."

Ta ɗauko mayafi.

Da motar Balaraba ta tsaya, hayaƙi ta fara gani, sannan ta ji hayaniya. Ta shiga ta tarar da kicin cike da mata. An rufe farin tayil da wake da kuɓewa da gari, ba ko masakar tsinke, tukunya na tafasa a gefe, Gwaggonta na zaune a kan teburin tana kaɗa ƙafa tana ba da umarni. Suna ganinta suka ɗago kai.

"Baba, mene ne wannan?"

"Abin da take sawa ke nan. Hajjo ce ba ta zauna daidai ba, wancan gefen take."

"Ni ban taɓa ganinsa haka ba."

"Ina za ki gani," in ji Tasalla. "Ranar da za ki zo, tun da safe take korar mu, ta wanke shi da omo, ta ɗora furen robar nan da kika aiko. Wai kar ki ce ta mai da kyautarki dakali. Motarki na juya baya muke dawowa."

Matar liman ta share ido da gefen zane. "Nan muke wuni, 'yar nan. Tun da ta tafi kowaccenmu na tsugune a nata gidan ita kaɗai. Kunya ta hana mu tambaya."

Balaraba ta tsaya riƙe da kwaɗon da ta sayo don ƙofar. Ladingo ta matsa mata wuri, ta tura mata faifai. Ta ajiye jaka, ta sa hannu cikin waken. Can ta ɗago.

"Gwaggo, in na bar muku kicin ɗin, wa zai riƙa duba Baba?"

"Wa zai wuni a gidan mutum ya ci abinci shi kaɗai? Tuwo dai zai ci har ya gaji. Saƙo kuma ki daina ba shi, ki riƙa ba ni."

Balaraba ta yi dariya da hawaye a fuska. Ta miƙa wa Tasalla kwaɗon da mabuɗinsa, ta juya wajen ubanta da ke bakin ƙofa, ƙullin kayan tafiyarsa ajiye a gefen ƙafarsa.

"Baba, mai da kayanka ɗaki. Teburin kuma a bar shi haka, kada a sauke komai."

Nomau ya ce to. Ya ɗauki ƙullin, ya kai ɗaki, ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ja, ya jawo kujera ya zauna a bakin kicin.

Da aka kira azahar, Tasalla ta zuro ƙafa za ta sauka ta yi alwala. Nomau ya miƙe ya tare ta.

"Ina za ki, Yaya? An ce kada a sauke komai."