Barba Na-Gane da Turamen Tonka

A duk tsibirinmu babu mai saurin fahimta irin Barba Visko. Barba a bakinmu kamar a ce kawu ne, haka ake kiran dattijo. Allah ya yi masa baiwar da bai yi wa likita ba, bai yi wa Fadan cocinmu ba. Kafin ka kai tsakiyar magana ya riga ya san ƙarshenta, sai ya ɗaga hannu ya hutar da bakinka: "Na gane, na gane." Shi ya sa daga masunta har matan da ke share coci, ba a kiransa komai a bayan idonsa sai Barba Na-Gane.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a Hamburg ta ƙasar Jamus. In daga bakinsa ka ji, shi ke riƙe da tashar jiragen ruwan garin, ba mai shiga sai da izininsa. Bai kuwa yi ƙarya ba, don shi ke ɗaga sandar ƙofar da motocin kaya ke bi. Ya dawo mana da hular kyaftin, da agogo mai sarƙa, da gida a bene na uku a birnin Split. Ba ya kwana a gidan, ba ya ba da shi haya, mabuɗin kawai yake ajiyewa a kan tebur kusa da kofinsa don mai wucewa ya gani. A coci kujerar gaba tasa ce. In ana waƙa yakan riga kowa kaiwa ƙarshen baiti, ya tsaya yana jiran jama'a da haƙuri irin na manya.

Shi ne uban baftismar Tonka, 'yar Lukre mai share ɗakunan baƙi. Mijin Lukre yana teku, sai bayan wata shida yake leƙo gida. A wannan bazarar Tonka ta kusa cika tara, tana shirin karɓar Jibin Ubangiji na farko, sai turamenta biyu na ƙasa suka yi kogo, ɗaya dama ɗaya hagu, yarinya ta rasa gefen tauna. Likitar haƙoran yara a Split ta duba ta ce waɗannan da saura shekara biyu ko uku su yi famfara, in an cire su yanzu sababbin za su fito a karkace. Gara a kankare ruɓar a kifa wa kowanne 'yar hular ƙarfe. Ta ba su ranar Alhamis, ƙarfe takwas na safe. Jirgin fito kuwa sai goma yake isa birni, dole a kwana can, masauki kuma a lokacin baƙi ba na mai share ɗakuna ba ne.

To, a bakinmu wannan hular ta haƙori krunitsa ake ce mata. Carbin da ake ja a coci, wanda iyayen baftisma ke saya wa yara lokacin Jibi, shi ma krunitsa ne.

Lukre ta samu Barba a shagon kofi na bakin tasha, tsakiyar tsofaffi huɗu, yana koya musu yadda ake kama kifin da suka shekara hamsin suna kamawa. Ta tsaya har ya nisa.

"Barba, kan maganar Tonka ce. An ce sai an yi mata krunitsa biyu, shi ne ranar Alhamis za mu Split, na ce ko mabuɗin…"

"Na gane. Biyu? Madalla, haka ake yi wa 'ya'yan manya. Amma me zai kai ki Split ina raye?"

"Ai sai an auna ta, Barba."

"Auna? Ni na riƙe ta a gaban bagadi tana kamar burodi. Na san girmanta."

"Na ƙarfe ne aka ce, irin wanda…"

"Ƙarfe!" Ya juya ga tsofaffin, su zama shaida. "Kun ji? 'Yar baftismata da ƙarfe, kamar ƙofar rumbu. Azurfa, Lukre. Surukina Detlef zai zo nan da mako uku, shi zai taho da su daga Jamus da hannunsa. Je ki abinki, 'yata, magana ta ƙare."

Ya ɗora tafinsa a kan mabuɗin, ya koma kan kifi.

Lukre ta tafi tana juya abin. Duk tsibirin an san surukin Barba a asibiti yake aiki, Barba ya faɗa sau ɗari, har yakan ce "likitanmu". Ta ce a ranta wataƙila a Jamus haka ake yi, likita ya zo da kayansa a jaka. Ga shi ba mabuɗi. Ta buga wa likitar haƙoran waya ta ce a ba wani yaron Alhamis ɗin.

Mako ukun nan Tonka ta yi su a kan miya da dankali da aka dama. Lukre na cusa mata kanumfari a kogon, tana ɗaura mata ƙyalle mai sanyi. Barba kuwa bai zauna ba. Ya sanar da mai gidan waya, da mai burodi, da direban jirgin fito cewa azurfar tana hanya, irin wadda ba a taɓa gani a tsibirin ba. Ran nan ya haɗu da yarinyar a ƙofar coci, ya zaro alewar almond mai tauri ya miƙa mata. Ta karɓa ta riƙe, ba ta kai baki ba.

"Ku duba kamun kai," in ji shi ga matan da ke wurin. "Tun yanzu ta fara horar da ciki saboda Jibi. Tarbiyyata ce. Ga shi har ta yi kumatu, iskar tsibirinmu ba wasa ba."

Kumatu ɗaya ne, na hagu, kuma ja ne. Matan sun gani. Amma wa ya isa ya kai ƙarshen magana a gaban Barba?

Ranar Lahadin da Detlef ya iso, Barba ya tare ƙofa bayan sujada, ba wanda ya samu fita. Ya sa an kira Lukre da Tonka gaba, ya roƙi Fada Marin ya tsaya a damansa. Lukre ta raɓa kusa da surukin, da ɗan Jamusancin da ta tsinta wurin baƙi ta tambaye shi a ina zai yi aikin, ina kayansa. Mutumin kirki, ya yi murmushi ya ce shi motar zannuwan gadon asibiti yake tuƙawa zuwa wurin wanki.

Kafin ta gama haɗiye wannan, Barba ya fara.

"Jama'a, akwai masu ɗaukar amanar baftisma da baki, akwai masu ɗaukarta da zuciya. Uwar yarinyar nan ta zo mini da ƙaramar buƙata. Ba ta ma gama faɗa ba, na gane. Ta ce ƙarfe, na ce azurfa. Ta ce Split, na ce Jamus."

Ya buɗe wani ɗan akwati mai rufin karan-miski. Carbi biyu na azurfa, suna walƙiya, Fada ya riga ya sa musu albarka. Kyau kam suna da kyau, Allah ya yafe mana.

Tonka ta leƙa, hannunta a kunci. Ta ce, "Barba, ta yaya za su shiga bakina?"

Lukre ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Na haƙori nake nufi, Barba. Turamenta ne suka ruɓe. Mabuɗin gidanka na zo aro, mu kwana mu ga likita."

Barba ya gyara hula.

"Na sani mana. Wa ya ce ban sani ba? Amma mai imani da addu'a yake farawa, haƙori kuma ya biyo baya. A Hamburg ma…"

"Visko," in ji Fada Marin, ya miƙa hannu. "Mabuɗin."

Sai da aka ƙara kwana tara kafin likitar ta samu gurbi. Turmin dama ya samu hularsa ta ƙarfe. Na hagu ruɓa ta kai saiwa, ya tara ruwa, babu abin da za a kifa wa hula. Aka cire.

Kafin su dawo, Barba ya riga ya gyara labari. A shagon kofi ya bayyana cewa shi ya tura yarinyar birni, a gidansa ta kwana, a kan gadon da ya sayo daga Jamus, kuma da bai tsaya tsayin daka ba da abin ya fi haka. Yana cikin wannan sai ga Tonka daga jirgin fito, uwarta na tsaye can nesa da jaka. Ta ajiye mabuɗin a tebur, ta ajiye ɗan akwatin karan-miskin kusa da shi.

"Kun gani?" in ji Barba ga tsofaffin. "Tukuici. Talakawa ne, amma sun san girma. Na ce kada su wahalar da kansu."

Ya jira kowa ya matso, ya goge yatsunsa da hankici, sannan ya buɗe. A kan karan-miskin ga ɗan turmi baƙi, rabinsa rami, da busasshen jini a gindi.

"Likita ta ce da mun zo waccan Alhamis ɗin da ba a cire shi ba," in ji Tonka, iska na fita ta giɓin. "Mama ta ce tunda kai ka yi wahalarsa, kai ya kamata ka ajiye."