Albasar Kawu da Maganin Daji

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na nuna wa Farfesa, malamar da ke duba aikina, sakamakon bincikena, ko da yake wataƙila na manta wasu ƙananan abubuwa.

Ina shekarar ƙarshe a jami'a a Maraɗi, ina gwada ganyaye biyar da wata tsohuwa mai magani a Tsibiri ta ce suna maganin ciwon daji. Gwajin farko mai sauƙi ne: a ɗora albasa a bakin kofi mai ruwan ganyen. In saiwa ta kasa fitowa, to mai yiwuwa (mai yiwuwa fa na ce) ganyen yana hana ƙwayoyin halitta yaɗuwa. A kan wannan aiki digirina ya rataya.

Saboda tsabar tsoron kuskure na ƙi albasar kasuwa. Na hau kabu-kabu har Jiratawa, na sa Kawu Idi ya tuge mini sabuwa daga gonarsa. Kofunan labo, wato ɗakin gwajinmu, suka ƙare, sai na bar gwajin albasa a ruwa zalla da ake kwatanta sauran da shi, na ce daga baya.

Kwana bakwai, ko saiwa guda! Duk ganyaye biyar! Ni da ba na cewa "tabbas" ko a kan sunana, na rubuta ta sau uku a shafi ɗaya.

Ranar da zan nuna sakamakon, Kawu ya shigo gari, ya biyo ni labo don ya gaida Farfesa. Ta duba kofunan a natse, ta tambaye ni.

"Ina albasar ruwa zalla?"

Ina cikin in-ina, Kawu ya ɗauki albasa guda ya juya ta.

"Wai tsiro kake jira, ɗana? Ai sabuwar albasa ba ta tsiro sai ta huta. Ko a zamzam ka sa ta, barci take. Da ka tambaye ni."

Farfesa ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, ka taɓa tunanin koyarwa?"

Na sake aikin daga farko da tsohuwar albasar kasuwa, na rasa wata biyu. Ganye ɗaya ne ya ɗan nuna alama, shi ma ba zan rantse ba.

Yanzu kafin in taɓa kofi, manomi nake fara tambaya. Mu huɗu ne ɗalibai a labo ran nan; wanda ya tuna wani abu daban ya aiko mini da gyara. Ban da Kawu. A bakinsa yanzu Farfesa har tayin aiki ta yi masa.