Babur Ɗin Aradu

Duk garin Onomichi babu namiji irin maƙwabcina Kuramochi, wanda ya raɗa wa kansa suna Aradu. Tsararrakinsa da suka yi ritaya kamun kifi suka koma, shi kuwa babur ya sayo. Babur fa, ba abin wasa ba! Tsawo kamar kwalekwale, nauyin bijimi, salansa biyu masu ƙyalli, kujerar fata ta isa mutum ya yi barcin rana a kai.

"Ranar da na murɗa wannan," in ji shi, yana shafa tanki da farar safar hannu, "sai tagogin Hiroshima sun girgiza. Ba don ƙananan mutane aka ƙera shi ba."

Muka yarda, tunda ba wanda ya taɓa jin kukansa. Ai Aradu shugabancin ƙungiyar unguwa yake nema ido rufe, kuma a layinmu duk wanda ya firgita ko kyanwar maƙwabci, to ya manta da ƙuri'a. Saboda haka kowace Lahadi sai ya ci ado da rigar fata, takalmi har gwiwa, hular kwano mai hoton gaggafa, ya kama ƙahon babur ya tura shi zuwa babban titi, inda zai tayar da shi bai dami kowa ba.

Babban titin kuwa yana can saman tudu.

Haka gwarzon zai yi ta turi, yana haki yana rusuna wa masu wucewa. Kafin ya kai, ya gaji liƙis, ƙafa ta ƙi ɗaguwa balle ta haye kujera. Sai ya jingina, ya yi wa masu jiran bas lacca kan gudun da babur ɗin yake iyawa, sannan ya gangaro da abinsa gida yana matse birki.

"Sannu Kuramochi-san," in ji Iya Mitsue mai awara. "Yau ma an fito da shi shan iska?"

"Iya, inji irin wannan sai an nuna masa hanya tukuna."

Ranar zaɓe ya zo cikin sabuwar kwat, jawabin godiya na tsalle a bakinsa. Shugaba mai barin gado ya tashi ya ce unguwar nan ba ta taɓa ganin mutum mai ƙarfi, mai haƙuri da kaya, marar hayaniya kamar Kuramochi ba. Aradu ya miƙe yana rusunawa hagu da dama, har da share ƙwalla. Gaskiya a nan na fara tausaya masa.

Shugabanci dai Iya Mitsue aka ba. Shi kuma, baki ɗaya, aka damƙa masa amalanken kwashe tsofaffin jaridu da kwalabe, wanda aka daɗe ana neman mai iya kai shi saman tudu.

"Ka zo da safar hannunka, Aradu," in ji sabuwar shugaba. "Shi ma turawa ake yi, ba sai ka koyi komai ba."