Rigunan Bikin 'Yar Alhaji Momolu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa wani Basine lacca a kan darajar Afirka ba. Ni dillalin tufafi ne a Guangzhou, kuma 'yan Kanon da ke unguwar Sanyuanli suna ganin na san na'ura (caja na taɓa gyara wa wani, shi ke nan).

Wani dattijo ɗan Laberiya, Alhaji Momolu, wanda ya koyi Hausa a Kumasi, ya ba ni aikin rigunan bikin 'yarsa ta fari. Ɗan ƙabilar Vai ne, suna da rubutunsu na kansu, kowace alama gaɓa guda ce. Yana so a ɗinka gaɓar farko ta sunan amarya a ƙirjin kowace riga da zaren gwal. Ya turo mini alamar ta waya, ya tafi wani gari sayayya.

Na buɗe saƙo, na ga ɗan akwati mai kusurwa huɗu, cikinsa wayam. Na ce kai, mutanen nan sun iya sauƙaƙa wa kansu rayuwa.

Laoban, wato Basinen mai masana'antar ɗinkin, ya duba ya girgiza kai, ya ce meiyou, babu harafi a nan, in sake tambaya. Nan fa na hau. Na ce su da rubutunsu kamar tonon kaza ba mu raina ba, sai namu za a raina? Har tarihin Timbuktu na kawo masa (ban taɓa zuwa ba). Bawan Allah ya gaji, ya kunna inji.

Saura kwana biyu kwantenar kayan ta bar tashar jirgin ruwa ta Huangpu Alhaji ya dawo. Na zaro riga ɗaya ina washe baki. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya nuna mini wayarsa: wata kyakkyawar alama mai lanƙwasa. Ashe kowane harafi yana da lambarsa a na'ura. Lambar ta iso wayata lafiya lau, surar ce wayar ba ta sani ba, sai ta ajiye akwati a gurbinta.

"Ɗana," in ji shi a hankali, "yarinyar nan aure za ta yi. Me ta yi maka za ka manna wa danginta akwatin gawa a ƙirji?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Laoban kuwa shayi kawai ya zuba mini, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwantena ta tafi ba riga ko ɗaya, dangin amarya kowa ya sa abin da yake da shi. Tun daga nan, ko alamar tambaya aka turo mini, sai na kira mai ita na ji ko haka take a wayarsa.