Nomau da Motar Ruwa Biyu

A Tungar Baushe, ƙauyen da ke jingine da katangar barikin soja, an yi wani mutum ana ce masa Nomau. Gidansa ɗaki biyu ne da rumbu ɗaya, daga shi sai matarsa Ladingo da tsohuwarsa wadda kunnenta ya yi nauyi. Nomau ba mahaukaci ba ne. Yana salla kan lokaci, yana noma gonarsa, ba a taɓa jin ya zagi kowa ba. Abu ɗaya ne matsalarsa: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta. Ladingo ta daɗe da gane haka, in za ta aike shi sai ta tauna maganar sau biyu kafin ta furta. Tsohuwa kuwa ba ta jin abin da ake faɗa, saboda haka a wurinta ɗanta ya fi kowa hankali a garin.

Danga ɗaya ce ta raba gidan Nomau da na taubashinsa Jatau, ɗan goggonsa. Su biyun leburori ne a garejin bariki, inda ake gyaran motocin sulke. Jatau ya gama firamare har ya ɗan taɓa sakandare, ya san lambar kowace sifana, shekara goma sha ɗaya yana miƙa wa makanikan soja kayan aiki. Nomau shara yake yi da wanki.

Ana nan sai aka kawo wata sabuwar motar sulke don a gwada ta. Tana da injin dizal kamar sauran, amma a cikinta akwai manyan batira da injin ke cikawa da wuta. In an ga dama sai a kashe injin ta yi tafiya da batir kaɗai, ba ƙara, ba hayaƙi. Kaftin Zailani, injiniyan da aka damƙa wa gwajin, ya ce yana son lebura ɗaya da zai riƙa kula da tsabtarta. Jatau ya wanke kakinsa ya goge, ya gaya wa 'yan majalisar ƙofar masallaci cewa ai magana ta ƙare. Da Kaftin ya tara leburori, sai ya nuna musu wasu wayoyi masu kauri, masu ruwan goro.

Ya ce, "Wutar da ke cikin waɗannan nan take take kashe mutum. Wa ya san aikinsu?"

Jatau ya matso ya fara zuba bayani, yatsansa na ƙara kusantar wayar. Nomau ya ja da baya taku uku.

Kaftin ya dubi Nomau ya ce, "Kai nake so. Mai ɗan sani shi ke taɓa waya."

Aka ba Nomau sabon kaki da takalmin roba da safar hannu. Ran nan Jatau na zaune a tsakar gidansa yana jin Ladingo ta bayan danga tana yaba takalmin. Tuwon da aka ajiye masa har ya huce bai taɓa ba.

Wata rana Nomau ya tambayi Kaftin, wai wace irin mota ce wannan da ba ta tari kamar 'yan'uwanta. Kaftin ya yi dariya ya ce, "Ruwa biyu ce, Nomau. Ka riƙe wannan, ya ishe ka." Nomau ya riƙe. Washegari bai iso gareji ba sai da hantsi ya dubi ludayi, jarka ɗaya a ka, ɗaya a hannu, ya yi sharkaf da gumi. Ya wanke gefen dama na motar da ruwan rijiya, ya wanke na hagu da ruwan rafin da ke can bayan gonaki. Jatau ya garzaya ya kira Kaftin ya zo ya ga makara da shirme. Kaftin ya zagaya motar, ya shafa sulken da yatsa, bai samu ƙura ba.

"Me ya hana ka amfani da famfon gareji?"

"Yallaɓai, da shi ta zama ruwa uku."

Kaftin ya juya baya yana tari don kada a ga dariyarsa. Jatau ya tsaya yana jiran hukunci, hukunci bai zo ba.

Wata rana Kaftin zai tafi taro a hedkwata, ya ce wa Nomau, "Ka sa mata ido har in dawo." Nomau ya yi tunanin nasa idanun biyu ne kacal, kuma yana bukatarsu. Sai ya tafi wurin mahauci ya roƙi idon bijimin da aka yanka da safe, ya zo ya ɗora shi a kan murfin ƙofar sama, ya juya shi yana kallon ƙofar gareji. Kafin azahar ƙudaje sun yi wa motar rawani. Sojojin da suka saba leƙowa suna hawanta suna ɗaukar hoto, ran nan ba wanda ya kusance ta, kowa na cewa asiri aka yi. Da Kaftin ya dawo ya sa aka wanke wurin da omo, amma da ya ji cewa yini guda ba a hau motar ba, sai ya ce, "Ido dai ya yi aiki." Jatau na gefe yana goge sifana, ya goge ta har ta fara zafi.

Wata rana Kaftin yana sauri, ya aiki Jatau ya gaya wa makaniki a jona motar a caji. Jatau ya wuce makaniki, ya nufi Nomau.

"Oga ya ce a sa mata wuta."

"Wuta?"

"Haka ya ce. Ko kana musu da soja?"

Nomau ya tafi wurin mai ƙosai a bakin bariki ya aro kasko, ya cika shi da garwashi, ya taho yana fifita shi da hula. Jatau ya laɓe bayan wata tsohuwar mota. Sai da ya ga jan garwashin sannan ya tuna cewa batiran nan in suka kama, ba Nomau kaɗai za a kora ba, garejin ne zai tashi. Duk da haka hassada ta sa ya ci gaba da laɓewa. Nomau ya zagaya motar sau uku da kaskonsa, sannan ya ajiye shi can nesa ya zauna. A haka Kaftin ya same shi.

"Mene ne wannan?"

"Wutar da ka ce a sa mata, yallaɓai. Amma ba a gaya mini inda zan sa ba, kuma ka hana ni taɓa abin da ba a nuna mini ba. Shi ne nake jira."

"Wa ya kawo maka saƙon?"

Nomau ya nuna ƙafafun Jatau da ke leƙowa ta ƙarƙashin tsohuwar mota. Jatau ya rantse cewa bakinsa ne ya zame. Kaftin ya mai da shi wankin tayoyi na mako biyu.

Wata rana ƙaramin batirin da ke kunna fitilu da na'urorin motar ya daina aiki. Makaniki ya ciro shi ya ajiye a ƙasa, ya ce, "Wannan ya mutu." Nomau ya cire hula. Da aka tashi aiki ya naɗe batirin a buhu, ya ɗora a ka har gida, ya gaya wa Ladingo an yi rashi a wurin aiki. Ladingo ta ɗora tukunyar gumba. Tsohuwa ta ga ana shimfiɗa tabarmi ta fara kuka ba tare da ta san wanda ya rasu ba. Liman ya iso da mutum takwas, Nomau ya riga ya haƙa rami a bayan rumbu. Liman ya dubi buhun ya ce, "Jinjiri ne?" Ya ɗaga, bai ɗagu ba. Da aka kwance buhu aka ga batir, liman ya yi salati, ya ce shi dai bai karanta wannan babin ba. Jatau ne ya kai labari bariki, wai an saci kayan gwamnati. Soja biyu suka zo suka tarar da jama'a na cin gumba, su ma suka zauna suka ci, sannan suka ɗauki mamacin suka tafi. Daga ranar duk barikin ba wanda bai san sunan Nomau ba, har matan soja in ya wuce sai su ce, "Ya ƙarin haƙuri?" Shi kuma ya amsa da gaske. Jatau ya shekara goma sha ɗaya a nan, har yanzu wasu "kai lebura" suke ce masa.

Wata rana Jatau ya yanke shawarar cewa tunda wauta ce ke ci, shi ma zai gwada. Kaftin na ƙarƙashin mota ya ce, "Jatau, ba ni hannu nan." Jatau ya miƙa masa tafin hannu ya bar shi a haka, yana kallon sama. Kaftin ya fito ya share hannunsa da tsumma.

"Nomau in ya yi, bai sani ba ne. Kai ka sani. Naka raini ne."

Aka ƙara masa mako guda a kan tayoyi.

Wata rana aka zo ga babban gwaji. Birgediya zai zo da kansa. Za a kai motoci huɗu fili kusa da rumbunan ƙauye su ɓuya, a tashi ƙaramin jirgi maras matuƙi mai kyamarar ganin zafi ya neme su. Tsofaffin ukun dole su bar injinsu a kunne don rediyo da na'urori su yi aiki, sabuwar kuwa da batir za ta zauna shiru. Sai dai a gwajin da aka yi sau biyu kafin nan, jirgin yana gano ta, don rana na gasa ƙarfen ya fi ƙasar da ke kewaye zafi. In aka gano ta a gaban Birgediya, za a mai da motar inda ta fito, Kaftin ya koma ofis, aikin Nomau ya ƙare. Da la'asar, bayan an ajiye motar a wurinta, Kaftin ya dafa kafaɗar Nomau a gajiye ya ce, "Gobe dai ka rufa mana asiri." Ya shiga motarsa ya tafi.

Nomau ya rasa inda asirin yake, sai ya tambayi taubashinsa. Jatau ya ji kamar an ba shi kyauta.

"Asirin motar soja ai duk jikinta ne. Ka rufe shi kaf, kada ka bar ko tafin hannu."

Nomau ya kira Ladingo. Suka kwaɓa taɓo da ciyawa irin na yaɓen rumbu, suka yaɓe motar tun daga taya har sama, suka kewaye ta da zana, suka ɗora mata jinka. Masu gadi suka tambaya, ya ce Kaftin ne ya ce, suka ƙyale shi. Da suka zo kan ramukan da iska ke shiga tana sanyaya batira, Ladingo ta ɗebo taɓo, Nomau ya riƙe hannunta ya ce ba a toshe wa mai numfashi hanci. Kafin magariba rumbunan Tungar Baushe sun ƙaru da ɗaya.

Da safe Kaftin ya iso da direba da mai bindiga, ya tarar da rumbu a inda ya bar motar. Jiniyar Birgediya har ta fara tasowa daga bariki, ba lokacin kankarewa. Ya duba ramukan iska ya ga a buɗe suke, ya tura mutanensa ciki ta ƙarƙashin jinka, ya ce wa Nomau, "In an gama, za mu yi magana." Jatau ya samu wuri a gaba-gaba ya tsaya, ya harɗe hannu.

Jirgi ya tashi. Cikin minti shida ya gano tsofaffin uku. Ya yi ta shawagi yana neman ta huɗu har wutarsa ta kusa ƙarewa, aka sauko da shi aka sake tashinsa. Ɗanyen taɓo da inuwar jinka sun sa motar ta yi sanyi ɗaya da rumbunan da ke gefenta. Rana ta yi zafi, Birgediya ya koma inuwar wani rumbu ya jingina, ya ce, "Kaftin, ko dai ba ka kawo motar ba?"

Kaftin ya yi magana a rediyo. Rumbun da Birgediya ke jingine da shi ya matsa gaba a hankali, ba ƙara ko kaɗan, jinka na rangaji a kansa. Sai da dogarin Birgediya ya tare shi don kada ya zauna a ƙasa.

Birgediya ya karkaɗe taɓo daga kafaɗarsa, ya zagaya motar, ya ɓantari yaɓen ya murza a yatsa. Ya ce a ci gaba da gwajin wata shida, kuma a gwada wannan yaɓe a kan sauran motoci goma sha biyu. Sannan ya tambaya dabarar wane ne.

Jatau ya yi wuf ya fito. "Ni na ba shi shawara, ranka ya daɗe. Ni na ce ya rufe ta kaf."

Birgediya ya dubi Nomau. Nomau ya ce gaskiya ne, haka ya ce.

Kaftin ya gane abin da ya faru, amma bai tona ba. Ya ce, "Tunda haka ne, yallaɓai, mai shawara shi zai riƙa kwaɓa taɓon. Nomau ya duba aikin."

Mako na zagayowa, Jatau na cikin ramin kwaɓi har gwiwa, yana tattaka taɓon mota ta biyar. Nomau na tsaye a bakin ramin da takalminsa na roba, wani soja ya wuce ya sara masa da wasa. Jatau ya bi sojan da ido, ya share gumi, ya ce, "Kai dai, Nomau, ka taki sa'a."

Nomau ya ɗaga ƙafa ya duba ƙasan takalminsa da kyau, ya duba ɗayan.

Ya ce, "A'a, taɓo ne. Kuma ya yi tauri, ƙara ruwa."